Ranar da Buzuzu Ya Kai Ɗansa Gaban Mujiya

A wani daji mai yawan ƙirya da marke, akwai makarantar kimiyya bisa wani tsauni, wadda ba ta ɗaukar ɗalibai fiye da ashirin a shekara. Duk wanda ɗansa ya samu shiga, sai takunsa ya canja, gaisuwarsa ta gajarce.

Malam Buzuzu ya daɗe yana wa ɗansa Jatau wannan buri. Shi Jatau ya fi son makarantar noma ta Malama Gara da ke fadama, amma uban ya ce ba zai mirgina kashin shanu shekara da shekaru ba, sannan ɗansa ya gaje shi da takardar shaida. Ranar ganawa ya wanke yaron sau uku, ya turara shi, ya sa shi ya haddace cewa tun yana ƙwai yake son zama likita. Ya kuma gargaɗe shi kada ya ambaci sana'ar gida.

Mujiya ce shugabar majalisar tantancewa, Dila na damanta, tsohon Kunkuru na hagu. Jatau ya kawo haddarsa tsaf, Dila na gyaɗa kai, don yaron ne na talatin da ya faɗi haka tun safe. Sai Kunkuru ya tambaye shi ko ya taɓa bincika wani abu da kansa.

Nan yaron ya manta da gargaɗi. Ya ba da labarin yadda ya binne dunƙulen kashi goma a inuwa, goma a rana, ya yi damina biyu yana auna tsawon ciyawar da ta tsiro da karan dawa. Malam Buzuzu ya yi tari har sau huɗu, yaron bai ji ba. Kunkuru ya miƙo wuya zai ƙara tambaya, Mujiya ta ɗaga fiffike.

Ta ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari. Mu nan muna girmama bincike ƙwarai, har mun rubuta sunansa a bakin ƙofa. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu kuwa muna neman wanda ya dace da mu ne. Kimiyyarmu mai tsafta ce, ba a taɓa ta da hannu. Allah ya ba ka rabonka a gaba."

Wadda ta biyo bayansa 'yar Hawainiya ce. Ta dubi Mujiya ta yi toka-toka, ta juya ga Dila ta yi ja. Aka ɗauke ta kafin ta buɗe baki.

Malam Buzuzu ya sauko daga tsaunin. Sai a gindin dutse ya ce, "Jatau, ka kunyata ni."

Yaron ya ce, "Baba, abin da na sani aka tambaye ni."

Don dole uban ya kai shi wurin Gara, inda aka saurari labarin ciyawar har ƙarshe, aka kuma nuna masa inda ya yi kuskuren awo. Jatau ya dawo gida yana murna, uban ya kasa gane murnar me.

Bayan damina uku lambun gwaji na makarantar tsauni ya ƙi tsiro, aka ji labarin wani ɗalibi a fadama da ya san sirrin ƙasa. Majalisa ta aiko wa Jatau da takardar gayyata mai hatimi biyu, ya zo ya yi wa malamai bayani. A ƙasan takardar an ƙara layi ɗaya, cewa ana roƙon baƙo ya tsaya ta gefen da iska ke fita.