Mai Hawa Dutse a Tsibirin da Ba Tudu

Ranar Talata na yi sammako da jarkata, don an ce jirgin ruwa ya iso da fetur. An kwana biyu injin kwalekwalena yana kwance, matata kuma ta gaji da dafa shinkafa da naman gwangwani a garin da kifi ke tsalle a bayan ɗaki. Na tarar layi ya miƙe daga bakin teku har ƙofar coci. Rana tana gasa mu, sai ƙugiyar jirgi ta sauko da wani abu lulluɓe da tampol. Muka kaure da tafi, a zatonmu gangunan mai ne. Da aka yaye, sai ga jif, baƙa wuluk, tana ta sheƙi.

Ma'aikacin jirgi ya ce motar ce ta cinye wurin gangunan. Mai kuma yana jirgi na gaba, idan da rai.

Kada ku ce hassada nake. Ni wane ne da zan yi hassadar shugaban tsibirinmu, Mai Girma Inuwar Talakawa, wanda aka kawo wa motar? Aka ɗora masa kambun furanni, ya karɓi lasifika, ya shiga ba mu tarihin kamfanin da ke ƙera motocin, daga jif ɗinsu ta fari har zuwa wannan. Da ya huta da wahala, don tarihin nan a tsakar gidajenmu yake yashe.

Ta farko sunanta Mai Hawa Dutse. Wuri mafi tsayi a tsibirinmu shi ne tulin ɓawon kwakwa da ke bayan gidana. Ta hau shi sau ɗaya, aka yi hoto. Gishirin teku ya cinye ta, yanzu aladun fasto ne ke kwana a ciki, kuma ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba.

Sai kamfani ya fito da Mai Keta Ƙanƙara, wadda kujerunta ke ɗumama mazaunai. Mai Girman wancan zamani ya danna maɓalli, aka rasa mai kashewa. Har ya sauka daga mulki bai ƙara zama a wurin taro ba, a tsaye yake komai. Mu kuwa muna ta yabonsa, wai ladabi ne.

Daga nan aka ƙero wata 'yar madaidaiciya, ita ba jif ba, ita ba ƙaramar mota ba, jemage dai, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Aka sayo wa Uwargidan Mai Girma don zuwa kasuwar da in ta yi atishawa a gida ake yi mata sannu daga can.

“Wannan kuwa,” in ji Mai Girma, yana shafa sabuwar, “sunanta Mai Tunani. Da kanta take yanke shawara.”

“To ta yanke mana shawarar ƙafar Bwenawa!”

Tiroia ce, maƙwabciyata, macen da ba ta san raɗa ba. Ƙayar kifi ta soki mijinta Bwenawa, ƙafa ta kumbura ta yi suntum, zazzaɓi ya rufe shi, nas kuma tana can ƙarshen tsibiri. Man da muke layi a kai, da shi zan kai shi a kwalekwalena.

Mai Girma ya dubi Tiroia, ya dubi mai ɗaukar hoto, nan take tausayi ya kama shi. “Inna, share hawayenki. Yau mijinki zai shiga tarihi.”

“Asibiti nake so ya shiga, ranka ya daɗe.”

Aka kinkimo Bwenawa aka kwantar a kujerar baya, Mai Girma ya shiga gaba kusa da direba. Mota ta tashi, ta soma magana da muryar mace cikin wani yare. Alade ya gifta, ta tsaya. Kaguwa ta gifta, ta tsaya. Ganyen kwakwa ya faɗo, ta tsaya ta yi ƙara. Mu da muka biyo ta a ƙasa da jarkokinmu muka wuce ta, muka zauna a inuwa muna jira.

A haka muka kai mashigin da teku ta yanke hanya. Kowane zaɓe ana aza tubalin gada a wurin, teku tana kwashewa. In ruwa ya janye a ratsa da ƙafa, in ya dawo sai kwalekwale. Direba ya leƙa, ya ce, “Ranka ya daɗe, ruwa fa yana dawowa.”

“Kai ka fi kamfani sani? A hoton talla kogi ta ratsa. Taka!”

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Suna kaiwa tsakiya, Mai Tunani ta yi tunani. Ta gano akwai haɗari, ta kashe kanta, ta kulle ƙofofi don kare lafiyar fasinja. Ruwa ya rufe taya, ya kama ƙofa. Ta gilashi muna hango bakin Mai Girma yana motsi, karo na farko da ya yi jawabi ba mu ji ba.

Tiroia ba ta jira kwamiti ba. Ta fizge filafilin wani mai kamun kifi, ta faɗa ruwa, ta haye rufin motar, ta rafka wa tagar sama. Ta nan muka zaro Bwenawa, muka sa shi a kwalekwalen mutumin, aka tuƙa da hannu. Nas ta tsaga ƙafar ta cire ƙaya, ta ce da ya ƙara kwana da ba wannan maganar ake ba. Yanzu yana takawa da sanda, yana ba da labarin sanyin motar.

Mai Girma kuwa ni na goya shi zuwa gaɓa, da kambunsa da komai, yana ce wa mai hoto ya juya baya. Na daɗe ina jin ana cewa talaka ke ɗauke da manya. Ranar ƙuguna ya shaida.

Motar tana nan inda ta tsaya. Yashi ya taru a gindinta, mata sun gano in an taka hancinta, aka bi ta rufi, aka dira ta baya, ana rage jiƙa zane. Jiya da yamma sai ga sanarwa a rediyo: cikin ikon Allah da hangen nesan Mai Girma, an kammala kashin farko na gada.

“Kashi na biyu fa?” Tiroia ta tambaye ni ta kan shinge.

Na ce mata an ce kamfani yana shirin fito da sabon samfuri baɗi, kuma ya fi wannan tsawo da kamu guda. Saboda haka, jama'a, a daina gunaguni, a taya mu addu'a Allah ya ƙara wa kamfanin nan basira. In suka dage, mu ma muka dage, jikokinmu za su je asibiti ƙafa a bushe.