Ranar da Majalisar Kada Ta Tausaya wa 'Yan Tsaki

A inda babban kogi yake zuba ruwansa cikin teku akwai wata fadama mai yalwar ciyawa, wadda kadoji suka daɗe suna mulki. Tsarin ƙasar a fili yake. Kada shi ne sarki, yana wuni a kan tudun laka da baki buɗe, abin da fadawa ke kira murmushi. Tsari, babban ƙadangaren nan, ɗan ƙanwar sarki, shi ne Mai Kula da Sheƙuna, domin babu wanda ya kai shi sanin inda kowace tsuntsuwa take ɓoye ƙwanta. Shaho ke tsaron sama. Sauran jama'a kuwa, agwagin ruwa da kwaɗi da ƙananan kifaye, aikinsu shi ne su hayayyafa su gode wa hukuma.

A wannan fadama 'yan tsaki ba sa mutuwa, ɓacewa suke yi. Uwa takan fita kiwo da tara a bayanta ta dawo da bakwai, maƙwabta su ce mata sai haƙuri. Ba a taɓa kiran taro a kan haka ba.

Lantana agwagwar ruwa ce mai ɗan ɗingishi, ba ta da yawan magana. Damina huɗu ta yi tana ƙyanƙyasa, 'ya'ya talatin da ɗaya, uku ne kawai suka kai ga tashi sama. A damina ta biyar ta ƙyanƙyashe bakwai. Mijinta Barmo ya ji a bakin tsuntsaye 'yan ci-rani cewa akwai wani tsibiri can cikin teku, tafiyar kwana biyu a ruwa, babu kada babu tsari. Su biyu za su iya tashi su isa kafin azahar, amma yaran ko gashin kirki ba su fitar ba. Suka yi kwana uku suna juya maganar. Daga ƙarshe suka samo wani ɓarin kwale-kwale da masunta suka yar, suka zuba yaran a ciki, suka bi janyewar ruwa da sassafe, suna turawa da ƙirji.

Ranar farko lafiya lau. Yaran suka yi ta leƙen ruwa suna tambaya ina ƙarshensa. Rana ta biyu hadari ya taso daga kudu, igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalen. Lantana da Barmo suka tattaro shida. Na bakwai, ɗan autan da ya fi kowa son hawa bayanta, ruwa ya tafi da shi. Sau huɗu tana nitsewa, ba ta ga komai ba sai duhu mai gishiri. Wasu kwasakwasai da suka fito kamun kifi ne suka gan su, suka kwaso yaran a jakar bakinsu suka dawo da su gida.

Kafin su iso gaɓa labari ya riga su. Kwaɗi suka rabu gida biyu, masu cewa a ƙwace yaran da masu cewa iyaye su suka san 'ya'yansu, kowane ɓangare yana ƙoƙarin fin ɗayan ƙara. Waɗanda ba su taɓa ganin teku ba su suka fi iya bayyana tsawon igiyar da ta kifar da su. Uwayen da suka rasa 'ya'ya a makon nan ma suka zo kallon Lantana, suna girgiza kai. A kwana na uku sarki ya kira majalisa.

Aka zaunar da ita a tsakiyar fili, yaran shida sun lafe a ƙarƙashin fukafukanta. Shugaban kwasakwasai ya fara magana. Ya ce garken kifi mafi girma da ya gani a bana ya bari don ya ceci iyalin nan, har yanzu wuyansa bai daina ciwo ba, kuma shi bai ce a gode masa ba, amma yana so a san cewa ba a gode masa ba.

Sai Tsari ya miƙe. Ya gaida sarki, ya lashi leɓe, ya matse ido kamar mai shirin kuka.

"Ranka ya daɗe, yaro amana ne. Ba na uwarsa kaɗai ba ne, na ƙasa ne baki ɗaya. Ni da nake zagaya sheƙuna safe da yamma na san darajar ɗan tsako fiye da kowa a wajen nan. Mun yi asarar ɗaya a teku. Ɗaya fa, lafiyayye, ɓul-ɓul, wanda da yana gida da ƙasa ta amfana da shi. Idan muka yi shiru yau, gobe kowace uwa za ta kwashi 'ya'yanta ta tafi, mu wayi gari fadama babu ƙanana. To, wa za mu kula da shi?"

Shaho ya share ido da fiffike. Aka kira Gwaggo Kunkuru, wadda ta fi kowa sanin teku, ta ba da shaida. Ta ce 'ya'yanta sun haura dubu, amma ba ta taɓa sa ko ɗaya a kwale-kwale ba. Takan binne ƙwanta a yashi ta yi tafiyarta, su fito su nemi hanyar ruwa da kansu. Da aka tambaye ta nawa ne suka rayu, ta ce ba ta taɓa haɗuwa da su ba, amma babu wanda ya taɓa kawo ƙararta.

Shamuwa ce ta tashi don kare iyalin. Ta ce tafiya ilimi ce, nata 'ya'yan sun san rufin gidajen ƙasashe bakwai, yaron da bai ga duniya ba kuwa kwaɗo ne mai gashi. Kwaɗi suka yi ca, aka ɓata rabin wuni kafin ta janye kalmar. Lantana tana saurare, ta rasa wanda ya fi nisa da ita, masu zarginta ko mai kare ta. Ita ba yawon buɗe ido ta tafi ba.

Aka juyo kan Barmo. Ya dubi haƙoran sarki, ya dubi yaran, ya faɗi ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya ce kuskure ne da ruɗin zuciya, ya tuba, ya bi hukuma. Lantana ba ta kalle shi ba. Da aka ce ta yi magana, muryarta ba ta da ƙarfi, sai da na baya suka matso.

"Ranka ya daɗe, ni na sa ɗana a ruwa, ruwa ya ci shi. Ba na neman a ce ban yi laifi ba. Kullum ina jin nauyinsa a bayana. An ce me ya hana in jira fukafukansu su fito. Na jira sau huɗu. 'Ya'yana ashirin da takwas suka ɓace a fadamar nan da rana tsaka, ban ga an kira majalisa ba. Abin da nake so a gaya mini shi ne, me ya sa wannan ɗayan kaɗai ya dame ku?"

Wasu uwaye suka sunkuyar da kai. Tsari ya ce wannan tambaya ba ta cikin abin da aka taru a kai, magatakarda kuma bai rubuta ta ba.

Sarki bai cika son dogon zance ba. Ya yanke cewa daga yau haramun ne a fita da ɗan tsako teku. Yaran Lantana kuma za su koma hannun hukuma, a gidan renon da Tsari zai buɗe bayan fada, har su girma. Saboda tausayi aka yarda uwar ta riƙa ganinsu duk ranar kasuwa. Majalisa ta watse kowa yana yaba adalcin sarki.

Ranar kasuwar farko ta tarar da shida, sun yi ƙiba. Ta biyu ta tarar da biyar. Ta tambaya, aka ce an kai ɗaya wani reshe. Ta nemi sanin inda reshen yake, aka ce ana kan gina shi. A mako na huɗu saura uku, a na biyar biyu, mace da namiji. A ranar ne Tsari ya sanar wa jama'a cewa tun da aka kafa doka teku ba ta ƙara cin ɗan tsako ko ɗaya ba. Kwaɗin ɓangarorin biyu suka haɗu suka yi masa kirari.

Lantana ta koma gida ta sami Barmo zaune a sheƙa babu kowa. Tun ranar majalisa ba ta yi masa magana ba. Ta ce masa saura biyu. Ya tambaye ta yaushe ruwa zai janye ranar kasuwa mai zuwa. Ta ce da hantsi.

Ranar ta zo. Ta roƙi zalɓen da ke gadin gidan reno ya bar ta ta wanke yaran a bakin kogi. Barmo ya tare shi da gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ciwon gwiwarsa, ya koma ya faro daga farko. Ita kuwa ta ɗora yaran a kan wani busasshen reshen kwakwa, ta sa ƙirji ta tura. Ta san abin da ke gaba, ta taɓa ganinsa. Agwagi da yawa suna kiwo a gaɓa. Duk suka ga abin da take yi, duk suka tsoma kai cikin ruwa suna neman tsutsa. Da zalɓe ya ankara ya waiga, Barmo ma ya tashi sama ya bi su.

Ko sun isa tsibirin, babu wanda ya sani a fadama. Kwasakwasai ba su tsinto kowa ba, 'yan ci-rani kuma sai baɗi za su dawo.

Washegari majalisa ta zauna ta yi Allah wadai da iyaye marasa imani. Tsari ya tashi zai yi jawabi, kuka ya ci ƙarfinsa, sai da aka riƙe shi. Waɗanda suka san shi sun ce wannan karon hawayen na gaske ne. Biyun nan su ya fi kiwatawa, ya ajiye su ne don bikin cikar sarki shekara arba'in a kan mulki.