Dutsen Ƙauyen Goggo

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na fita neman dutsen yarintata ba. Har yau in na ji rugugin hadari daga gabas sai in fara neman tudu.

Lokacin ina sabon akawu a ofishin gona a Daura, shekarun nan da arzikin fetur ya sa kowane saurayi ya yi babur da wando mai faɗin ƙafa. Ina neman auren Binta, aka ɗora wa yayanta, Yaya Hamisu, binciken halina. Tsohon soja ne, ba a cika ganin haƙoransa ba, kuma duk unguwa an san maganarsa: zai ba talaka ƙanwarsa, amma ba zai ba maƙaryaci ba.

To ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Wata rana muna zaune a dakalin ƙofar gidansu, don in burge shi na ɗauko labarin da nake bayarwa tun ina firamare. Na ce ina ƙarami na bi wani kogi da ƙafata, wajen ƙauyen Goggona a hanyar Mashi, har na hau wani dutse da kansa ke shafar gajimare, ruwa na kwararowa daga samansa. (Wallahi ba shirya shi na yi ba, haka abin yake zaune a kaina.)

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "A ƙasar Daura, Akawu? Ni sai a Jos na ga irin wannan. Ranar Lahadi ka kai ni in gani."

Ban san sunan dutsen ba, ban san sunan kogin ba, rabona da ƙauyen kuma tun kafin a sa ni makaranta. In babu dutsen nan, babu Binta.

Ranar Lahadi na goya shi a babur muka tafi. Muka tarar Goggo tana gona, ita kaɗai ce kuwa za ta iya fitar da ni. Na shiga tambayar mutane ina dutse mai zubar da ruwa, kowa sai ya kalle ni ya kalli Yaya Hamisu. Wani dattijo dai ya nuna mana bayan gari ya ce, "Akwai 'yar korama can, amma yashi ne."

Muka jingine babur muka shiga koramar, ni a gaba kamar na san inda za ni. Takalmina mai tudun dunduniya na nutsewa a yashi, ina waige-waige ko zan hango wani abu mai tsawo. Babu komai sai gero da ƙaya. Yaya Hamisu na biye da ni ƙafa da ƙafa. Tsoronsa ya hana ni lura gabas ta yi baƙi ƙirin.

Sai na ji wani gurnani daga bayanmu, har ƙasa na rawa.

"Fita daga yashin! Ruwa ne!" in ji Yaya Hamisu, ya yi tsalle ɗaya ya haye gaɓa.

Na waiga. Jama'a, ban taɓa ganin mutuwa ido da ido ba sai ranar. Ruwa ne ja wur, ya ɗauko itace da karare yana tafe. An yi ruwan sama can gaba, shi ne ya gangaro. Maimakon in haye gaɓa, sai na zura a guje cikin koramar, ruwa na bi na. Takalmi ɗaya ya tafi. Na ci karo da wani dutse a gefe, na kama shi da hannu da ƙafa da haɓa na haye, na kwanta rub da ciki ina salati. Na karanta duk addu'ar da na sani, har ta cin abinci.

Nan sama ma ta ɓalle. Ina kwance kumatuna a kan dutse, sai na ga ruwa na bin wata tsaga yana zuba ƙasa, saiwar ɓaure ta riƙe bakinta. Na san tsagar nan, na san ɓauren nan.

"Yaya Hamisu, shi ne! Wallahi shi ne dutsen!"

Yana tsaye a gaɓa, ya jiƙe sharkaf. Sai a lokacin na lura ko ɗaga kai bai yi ba yake kallona. Dutsen nawa bai wuce tsayin zaure ba.

Ruwan sama ya ɗauke, na koramar ya ja baya ya koma iya gwiwa, amma ƙafafuna suka ce ba su san zancen sauka ba. Yaya Hamisu ya yi lallashi, ya yi tsawa, ina manne. Ana haka mata suka ɓullo daga gona da fatanya a kafaɗa, suna tsallaka ruwan suna hira. Wata tsohuwa a cikinsu ta tsaya ta sa hannu a goshi.

"Wa nake gani kamar ɗan Hajara? La ilaha illallahu! Yau ma a nan ka maƙale?"

Goggo ce. Ta juya wajen Yaya Hamisu, ba tare da ta tambayi ko wane ne ba, ta zazzage masa komai. Ashe a wancan lokacin wanki ta zo yi da ni a goye, ta hau dutsen ta yi shanya. "Ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba, ɗan nan. Ya ga ruwa ya dinga tsala ihu, har ya jiƙa min zani."

Matan nan suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Yaya Hamisu ya tattare wando ya shigo ruwan, ya juya min baya ya ce, "Hau." Haka aka sauko da akawun gwamnati a goye, da takalmi ɗaya, Goggo na tambaya ko a ara masa majanyi.

Shi ya tuƙa babur muka koma, ni a baya ina lissafin yadda zan ji labarin auren Binta da wani. Washegari mahaifinsu ya tambaye shi abin da ya gani, Binta na laɓe tana ji. Ya ce, "Baba, akwai dutse, akwai ruwa, yaron bai yi ƙarya ba. Matsoraci ne dai na ƙarshe. A ba shi, wannan ko tsawa ta yi masa zai nemi wurin hawa."

Aka ba ni. Tun daga ranar, duk labarin jarumtar da zan bayar sai na fara tambaya ko akwai wata tsohuwa da ke raye wadda aka yi abin a gabanta.