Yadda Takin Zamani Ya Tsere Daga Sito

Jiya tun da hantsi nake tsaye a layin takin zamani a Malumfashi, ni da maƙwabcina Maiwada, wanda masararsa ta fara yin ruwan ɗorawa saboda yunwa. Mako na uku ke nan muna sintiri. Takin yana cikin sito an danna masa kwaɗo, wai sai mai girma Uban Alkawari ya samu sukunin zuwa ya yanke ƙyalle. Masara kuwa ba ta san jiran babban mutum ba.

Da yake layin ba ya motsi, sai aka ɓuge da hira. Zancen kowa fim ɗin nan ne na gidan yari da aka yi ta nunawa a silimar Funtuwa, inda wani fursuna ya shekara uku yana haƙa rami da cokali har ya tsere. Talakawa sun so shi ƙwarai, wasu sau uku suka shiga. Manyanmu kuwa, Allah ya ƙara musu basira, suka ce yana koya wa mutane fasa bango. Aka hana nuna shi, aka ƙara masu gadi biyu a sito. Shi kansa Maiwada sai da aka kira shi ya sha tambayoyi, don an ji ya ce da zai samu aron cokalin nan da ya more. An bar jaki ana dukan taiki.

Azahar ta gota sai ga mai girma da motoci bakwai, a wannan marra da muke kwana uku a layin fetur. Ya yi doguwar lacca kan darajar manomi, sannan aka buɗe kwaɗo. Wayam. Daga tsintsiya sai buhu huɗu da suka daskare kamar dutse. Ranka ya daɗe Sarkin Makulli, wato mai kula da siton, ya ce aikin ɓeraye ne, nan take aka kafa kwamiti.

Maiwada ya zagaya ginin sau biyu yana duba gindin bango, bai ga ko ramin gyare ba. Ya dawo ya ce mini, "Malam, wancan bawan Allah na fim wahalar banza ya sha. Namu fursunonin ta ƙofa suka fita, kuma a mota."

Ban iya dariya ba, don na ga idonsa ya kawo ruwa. Masarar nan ita ce abincin gidansa na bana. Muka naɗe buhunanmu a hammata muka kama hanya. Masu gadin dai suna nan daram, har na ji za a ƙaro wani, kada wani ɓata-gari ya shiga ya sace tsintsiyar.