Abin da Akuya Ta Ƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, ranar da na tsaya a garkar wani tsoho a Bukkuyum, cikin shadda mai guga, ina jin muryata tana fitowa daga wayar da ke hannunsa. Amma bari in fara daga inda na jawo wa kaina.

Ni malamin firamare ne a Gummi. Wata rana wani abokin aiki ya jefa ni cikin wani guruf na waya, na masu sha'awar lambu daga Gummi da Anka da Bukkuyum. An buɗe shi ne don a riƙa musayar iri da shawara kan tsutsar tumatir, amma wallahi aikin da aka fi yi a ciki musu ne. Masu takin shanu ba sa ga maciji da masu takin buhu. Masu shuka fulawa suna ganin sauran ba su waye ba, su kuma masu kayan miya kullum tambayarsu ɗaya ce, "To, ita fulawar da me ake cin ta?" Ni ina ɓangaren fulawa, kuma ba a ɗan baya nake ba, ni ne mai riƙe da tuta. Na kalli bidiyon lambunan Turawa har ido ya yi ja, na haddace cewa komai sai an ja igiya an shuka shi a layi, duk wanda ya turo hoto sai na yi masa gyara kamar ina duba littafin 'yan aji uku.

(Kafin ka ɗauka wani babban manomi ne ni: lambuna bokitai bakwai ne a tsakar gidan haya. Huɗu fulawa, biyu tumatir, na bakwan ya mutu tun bara amma na bar shi don lissafi ya cika. In zan ɗauki hoto sai in durƙusa in kusantar da waya sosai, su fito kamar fadama.)

To, akwai wata lamba a guruf ɗin da ba ta cika magana ba. Ba hoto, ba cikakken suna, "Dattijo" kawai aka rubuta. Ran nan sai ga shi ya turo hoton garkarsa, da ɗan gajeren saƙo: "Ga tawa, Alhamdu lillahi." Na buɗe hoto, na ga ikon Allah. Kuɓewa nan, yakuwa can, rama ta shiga cikin lalo, kabewa ta haye danga ta leƙa gidan maƙwabta. A gefe ga wani tulu mai karyayyen wuya an shafa masa shuɗin fenti. A tsakiyar fili kuwa, wurin da ya fi ko'ina kyau, tafasa ce tsaye har ƙugu, an yi mata gado an kewaye ta da duwatsu kamar wata amarya.

Da na yi shiru da na huta. Ina! Na gyara murya na danna wajen ɗaukar saƙon murya, na yi minti uku cur ina zuba. "Haba Dattijo, wannan garka ce ko kasuwa ce ta watse? Ina layi? Ina tsari? Sannan ita tafasar nan da ka yi wa gado, ka san kuwa ciyawar bakin juji ce? Abin da akuya ta shinshina ta wuce, shi kake ba ruwa? Ni kam ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan kai tafasa bakina ba. Shi kuma tulun nan, don Allah a kai shi gidan tarihi." Har da 'yar dariya na ƙarasa, irin ta wanda ya san ya burge.

Guruf ya ɗauki wuta. 'Yan fulawa suna ta turo hoton tafi. Wata baiwar Allah daga Anka ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, kowa da abin da ransa yake so, garkarsa ce ba taka ba." Na ba ta amsa da cewa ilimi ba ya bin son rai. Shi dai Dattijo layi ɗaya ya rubuto: "To Malam, mun gode da ilimi." Na wuni ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

Yanzu ajiye wannan, ga Hafsatu. Malama ce ita ma, 'yar Bukkuyum, a wajen wata bita ta malamai muka haɗu a Gummi, kuma tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina son ta, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya fara tambayar kuɗin katifa ba gaira ba dalili. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kakanta Baba Mainasara shi ya riƙe ta, kuma shi ke da wuƙa da nama a kan aurenta. Ta faɗa mini ƙarara: "In Baba ya ce ka turo magabata, an gama. In ya ce a'a, ko Inna ba ta da ta cewa." Ta kuma ja mini kunne cewa tsohon akwai barkwanci, amma ya riga ya kori manema biyu, ɗaya don ya kama shi da ƙarya a kan wurin aikinsa. "Komai yana yafewa, ban da ƙarya." Na ce ta kwantar da hankalinta, ni da ƙarya ba mu taɓa haɗa hanya ba.

Mako biyu bayan waccan muryar tawa, aka sa mini ranar zuwa gaisuwa. Na ɗauki abokina Lawali, muka shiga bas da hantsi don mu dawo kafin la'asar, na riƙe ledar goro da turare kamar ƙwai. Aka yi mana shimfiɗa a zaure. Sai ga tsoho ya fito, dogo, siriri, farin gemu, idanu kamar yana ɓoye wata dariya. Muka zube muka gaishe shi.

"Kai ne Malam Kabiru na Gummi?" ya ce. "Kai ne kaz zo ka ƙwace mani mata?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Na san wasan kaka da jika ne, har na ji daɗi, na ce a raina tsoho ya karɓe ni. Ya ƙura mini ido ya ce muryata kamar ya taɓa jin ta wani wuri. Na ce ai muryoyi suna kama, Baba. (Hotona yana nan ɓaro-ɓaro a kan lambata a guruf, da baƙin tabarau, da cikakken sunana, har da "Masanin Lambu" a ƙarshe. Ni na rubuta da hannuna.)

Can sai aka miƙo wani kwano a rufe da faifai. Baba ya buɗe da kansa. Kwaɗon tafasa ne, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa da barkono, mai yana ƙyalli a kai, ƙamshi ya cika zaure.

"Ban sani ba ko 'yan boko na cin wagga aba," in ji shi. "In ba ka ci, a kawo maka shinkafa. Ni kaka ne, babu kunya tsakaninmu."

Kowa ya san yadda ake yi. Mai neman aure in an kawo masa abinci a gidan surukai, ya ɗan taɓa ne don girmamawa, ya rufe, ya ce Alhamdu lillahi. Amma ni na zo ne in burge. Na ce, "Haba Baba! Tafasa? Ai ni da tafasa aka yaye ni. Duk duniya babu ganyen da ya kama ƙafarta." Na naɗe hannun shadda na kai loma. Wayyo Allah! Kwaɗon nan ya yi daɗi, daɗin da ya mantar da ni inda nake. Loma ta bi loma. Lawali ya mintsine ni a cinya sau biyu, na ture hannunsa. Ban farga ba sai da na ji yatsuna suna karce gindin kwano, har na side gefe. Baba yana zaune yana kallona yana gyaɗa kai, ya ma ciro waya ya ɗan daddanna, ni kuwa na ɗauka lokacin salla yake dubawa.

"Madalla," ya ce. "Tunda kana son ta haka, taso ka ga inda anka tsinko ta."

Muka zaga bayan gida, ya ture ƙyauren kara. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tulu. Mai karyayyen wuya. Mai shuɗin fenti. Na dubi danga, ga kabewa ta haye ta leƙa gidan maƙwabta. Na dubi tsakiya, ga amarya a kewaye da duwatsunta. Inna lillahi! Na fara addu'ar Allah ya sa a Bukkuyum kowane gida akwai irin wannan tulun.

Baba ya ciro waya daga aljihu, ya ƙure ƙara, ya danna.

"Haba Dattijo, wannan garka ce ko kasuwa ce ta watse?"

Minti uku ba su da yawa sai ranar da kake jin kanka a gaban kakan budurwarka. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Da aka zo kan "abin da akuya ta shinshina ta wuce", sai ya tsayar, ya mayar baya, ya sake sa wa. Lawali, wanda na biya wa kuɗin mota don ya rufa mini asiri, ya dafe danga yana shessheƙar dariya har hula ta faɗi. Mafi muni, daga bayan dangar nan na ji dariyar mata ana ƙoƙarin danne ta da gyale. Daga baya Hafsatu ta tabbatar mini Innarta na ciki. Ita ce ma ta kwaɗa tafasar, kuma tun ana gobe zan zo gidan kaf sun san shirin.

Da muryar ta kai ga 'yar dariyata ta ƙarshe, tsoho ya kashe waya, fuskarsa ta canza, wasa ya gushe.

"Malam Kabiru, aikin malamin gona niy yi har niy yi ritaya, na san layi, na san igiya. Wagga garka haka nike son ta. Ita kau tafasa, shekarar da hatsinmu ya ƙare tun kaka ba ta yi ba, ita tar riƙe gidan ga, har ita Hafsatun da kake so. Amma ba wannan ba. Ga waya ka ce ko da kuɗi ba ka cin ta. Ga zaure ka ce da ita anka yaye ka. Guda ƙarya ce. Wacce?"

Nan fa na gane Hafsatu ce a kan sikeli. Na tuna manemin da aka kora. Ƙwaƙwalwata ta kawo mini dabaru: in ce wani ne ya ɗauki wayata, in ce raha nake yi. Amma man kwaɗo yana nan a yatsuna. Na tsuguna a gabansa, shadda a cikin laka, na ce, "Baba, ta wayar ce ƙarya. A ƙauye na tashi, Innarmu kullum damina sai ta kwaɗa mana tafasa, har faɗa muke yi a kan gindin kwano. Da na je kwaleji ne na fara jin kunyar faɗi. Ka yi mini aikin gafara, rashin kunya ce da neman suna."

Baba ya ce, "To shi lambun naka da muke gani ga hoto, eka nawa ne?"

Na ce, "Bokiti bakwai ne, Baba."

"Bakwai?"

"Ɗaya ya mutu."

Tsohon nan ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa shuɗin tulunsa, mata a bayan danga suka daina ɓoyewa gaba ɗaya. Da ya share hawaye sai ya ce, "Tashi, kana ɓata shadda. Ka iya ƙarya, amma ka iya aje ta in an matsa ka. Je ka turo magabatanka." Ya tsinko 'ya'yan tafasa na bara daga wani ƙullin leda a jikin danga ya damƙa mini, wai in raya bokiti na bakwai.

Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. A cikin bas har na fara yi wa Lawali bayanin cewa dama na san yadda zan bi da tsohon. Ba mu yi nisa da Bukkuyum ba waya ta fara tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe guruf. Dattijo ne ya turo hoto: ni ne a zaure, kai a sunkuye, hannun shadda a naɗe, yatsa a gindin kwano. A ƙasa ya rubuta: "Jama'a, albishirinku. Akuya ta ci, har ta side."

Baiwar Allah ta Anka ita ta fara turo dariya, layi uku. 'Yan fulawa, mutanena, ko ɗaya bai tsaya mini ba. Yau shekara biyu da aurenmu da Hafsatu, amma a guruf babu mai kira na Masanin Lambu. Ko tambaya na yi a kan tsutsar tumatir, sai wani ya fara da, "Akuyar Baba, ina kwana?" Bokiti na bakwai kuwa ya fi sauran shida albarka, don tafasa ba ta neman layi ba ta neman igiya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu duk wanda ya turo hoton garkarsa, ko ƙaya ya shuka a ciki, "Ma sha Allah" nake rubutawa in kashe data. Ban san wanda ke da jika ba, kuma ƙanena bai yi aure ba tukuna.