Tudun da Na Gina a Gaban Asibiti

Ko zan manta da komai na shekarar da na kammala jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka masu ba da tallafi zuwa ƙauyenmu na yankin Dugabau ba. A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyen. Mun nemi taimakon wata gidauniya mai kula da lafiya da kiyaye haɗurra a karkara, kuma buƙatarmu ɗaya ce: babur mai ƙafa uku da zai riƙa kai masu naƙuda asibiti a Gwarzo, domin har lokacin a bayan acaɓa ake goya su.

Gidauniyar ta ce wakiliyarta, Hajiya Binta, za ta zo ta ga abin da muka yi da hannunmu kafin ta amince. Sai na kawo shawarar a yi tudun rage gudu da jar ƙasa a gaban ɗan asibitinmu, inda motocin 'yan kasuwa ke wucewa a guje. Mai unguwa ya yarda, ya ce a kira gayya.

Na fayyace wa kowa cewa kada tudun ya wuce idon sawu. Sai dai gayya a wurinmu ba ta yiwuwa sai da ganga, kuma samarin unguwar gabas da na yamma ba sa haɗuwa a aiki ba tare da gasa ba. Idan na gabas suka juye baro guda, na yamma su juye biyu. Aikina kawai shi ne in ɗaga hannu in ce ya isa. Ina shirin ɗagawa ke nan, makaɗin ya juyo kaina: "Sakatare mai kaifin alƙalami, ka yi boko ba ka raina garma ba." (A nan dole in yi masa adalci: Hausarsa tsaftatacciya ce, babu gaurayen Turanci in ban da sunan muƙamina.) Na tsaya ina sauraro, ina gyaɗa kai. Ashe samari sun ɗauki gyaɗa kan nan a matsayin umarnin a ƙara. Kafin in farga, tudu ya doshi gwiwa, an yayyafa ruwa, an daɓe shi. Na dube shi na san akwai gyara, amma ban ga yadda zan ce wa mutanen da suka wuni suna gumi su kwashe ba. Na lallashi kaina da cewa zai lafa.

Washegari na tarbi Hajiya a Kabo, na zauna gaba kusa da direbanta, wani dattijo mai suna Malam Sule, a cikin wata ƙaramar mota mai kusa da ƙasa. Duk tsawon hanya ina jawabi a kan kiyaye haɗurra. Da muka iso, Malam Sule ya taka birki ya ƙura wa tudun ido.

"Yaro, wannan ganuwar garinku ce?"

"Aikin al'umma ne, Baba. Ka hau a hankali, an auna shi."

Ƙafafun gaba suka haye lafiya. Sai muka ji wata ƙara daga ƙasa, cikin motar ya zauna daram a kan tudun, ba gaba ba baya. Jama'a na jere don tarba. Wata tsohuwa ta fara guɗa, ta katse ta a tsakiya.

Hajiya ta fito cikin natsuwa, ta gaisa da mai unguwa, ta tambayi iyali, ta tambayi damina, duk motarta na lilo a bayanta. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam Sakatare, babur ɗin da kuke nema, ta nan zai bi da mai naƙuda?"

"Ta nan ne, Hajiya."

"To ai a nan za a haihu, ba sai an wahala zuwa Gwarzo ba."

Mai unguwa ya toshe bakinsa da hannun babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Samari suka cicciɓi motar suka sauke. Hajiya ta ce ta ga ƙwazo, har ya yi yawa. Za ta dawo mako mai zuwa a wannan motar. Idan ta wuce lafiya za ta sa hannu, idan ta sake maƙalewa wani ƙauyen zai samu babur.

Makon nan da diga na yi shi ina rage tudun, tafukana duk suka yi kanta. Da suka dawo, Malam Sule bai ko dube ni ba. Ya fito ya taka tudun da ƙafarsa, ya durƙusa ya leƙa, sannan ya haye. Hajiya ta sa hannu.

Babur yana aiki har yau. Sai dai 'yan acaɓa sun raɗa wa wurin suna Dutsen Sakatare, kuma duk fasinjan da ya tambayi dalili sai an ba shi labarin dalla-dalla. Abin da na koya shi ne, kafin in sake gayyatar baƙo ya hau aikina, sai na fara aron motar wanda ba zai iya hana mu komai ba na gwada.