Ɗakin Kyauta a Funtuwa

Ba zan taɓa mantawa da ɗakina na farko a Funtuwa ba, don har yau in aka ambace shi a garinmu Gozaki sai na sunkuyar da kai. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na gama makaranta, aka ɗauke ni ƙaramin akawu a kamfanin gurzar auduga. Albashin kuwa, in ka ci abinci da shi to ka haƙura da sabulu. Abu ɗaya Baba ya ce mini da zan tafi: in nemi ɗaki a gidan mutanen kirki, kada in jawo masa magana.

Kawuna ya ara mini babbar rigarsa mai aiki (ta yi mini yawa, amma ni a ganina ta ba ni kwarjini). Direban wata motar dawa, abokin kawun nawa, ya sa ni a gidan gaba. Muna isa tasha na sauko ina kaɗe riga, sai ga wani dattijo, Alhaji Tanko, ya miƙo mini hannu biyu.

"Sannu da hanya, Malam. Daga ina?"

"Daga Gozaki, Alhaji."

Ya dubi buhunan da ke bayan motar, ya dube ni. "An samu masauki kuwa?"

Na ce a'a. Kafin in ƙara magana an ɗauki akwatina. Aka ba ni ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, ga tabarma sabuwa, ga tuwo da miyar kuka har da tsoka. Da na tambayi kuɗin haya sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, tsakaninmu?" Ni kuwa na rasa wane tsakani ne, tun da ranar muka fara ganin juna.

Duk da haka na ɗan zaga neman nawa. Na ga wani kusa da layin dogo, in jirgi ya wuce ƙasa na zubo maka a ka. Na ga wani ba ƙyaure, mai gidan ya ce ai unguwar ba ɓarayi (shi nasa ƙyauren na ƙarfe ne). Wanda ya yi mini kuma rabin albashina ake nema. Da Alhaji ya ji ina yawon nan har ransa ya ɓaci. "Wa ke son ƙwace mini kai? Faɗa mini sunansa!" Na ce a raina, kai, mutanen birni akwai son baƙo. A wurin aiki kuwa na cika wa abokaina baki, ina ce musu wayo ne ba su da shi.

Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne baƙin da Alhaji ke kawowa su gaishe ni. Manyan mutane, wallahi, har da wani Bayarabe, Baba Lasisi, mai loda hatsi a jirgi zuwa Kudu. Kowa tambayarsa ɗaya: yaya amfani bana a wajenku? Ni kuma ɗan manomi, an taɓo inda nake so. "Dawa? Ai rumbunanmu har ba su rufuwa!" Sai su dubi juna suna gyaɗa kai. Da na ce kullum kamfanin auduga nake zuwa, Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Ashe har can hannu ya kai!" Ban gane ba, amma na ji daɗi.

Wata Lahadi Alhaji ya ce ya kamata mu je Gozaki ya gaida Babana. Na ce wannan karamci ya kai. Da safe na fito na tarar da babbar mota, bayanta cike da buhuna ba komai a ciki, ga 'yan dako, ga Baba Lasisi da abin awo. Na ɗan yi mamaki, amma na ce wataƙila haka ake ziyara a birni.

Muka tsaya a ƙofar gidanmu, duk gari ya fito kallo. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "To Baba, a nuna mana inda za a fara."

Baba ya ce, "A fara me?"

"Awo mana. Dawar da Malam ya ce."

Baba ya juya ya dubi rumbunanmu. Biyu ne. Ɗaya ma ƙaiƙayi ne a ciki. Sannan ya juyo ya dube ni cikin rigar kawuna.

A nan aka warware mini. Ashe Alhaji fatoma ne: yana saukar da fatake kyauta, ya ciyar da su, ya samo musu masu saye, shi kuma ya ci la'ada. Ya ga mutum ya sauko daga gaban motar dawa da babbar riga, me kake so ya zata? Baba Lasisi ya ɗora hannu a ka yana ta magana da Yarbanci, kuma ba sai an fassara mini ba. 'Yan dako suka yi dariya har da zama a ƙasa. Ni dai gumi kawai nake yi, ina cewa, "Ai ban sani ba... ai ba wanda ya tambaye ni."

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sai ya hau rumbun nan ɗaya da kansa, ya sa aka cika wa Alhaji buhu. "Ɗana ya ci tuwonka," in ji shi, "ba za a ce gidana an ci na mutum an share baki ba." Alhaji ya ƙi, Baba ya rantse. Na san abin da buhun nan yake nufi a gidanmu, don a damunar nan sai da aka rage tukunya.

Washegari na kama ɗakin gefen layin dogo, na biya hayata da hannuna, kuma ban ƙara cika wa kowa baki ba. Tun daga ranar, in wani ya ce mini "zauna kyauta," ba godiya nake fara yi ba. Sai na tambaye shi tukuna: "Alhaji, don Allah, wa kake zaton ni ne?"